Kalmar "repartee": me take nufi, kuma daga ina Turawa suka samo ta?

Ɗalibin Nahawu:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman haske a kan kalmar Ingilishi "repartee". Wani ƙamus ya ce magana ce mai azanci da ban dariya, wani kuma ya ce amsa ce da ake mayarwa nan take. To wanne za a kama? Idan mutum ya zauna shi kaɗai ya tsara wata magana mai hikima ya rubuta, ta zama repartee ke nan, ko kuwa dole sai an tanka masa ya rama?

Siffar kalmar ma ta ɗaure mini kai. Tana ƙarewa da "ee" irin na "employee" da "trainee", waɗanda duk mutane ne, alhali ita ba mutum ba ce. Ga furucinta kuma, wasu na ƙare ta da sautin "ii", wasu da sautin "ee". Sannan me ya raba ta da "quip" da "witticism" da "banter"? In da hali a taimaka da yadda za a fassara ta zuwa Hausa ba tare da an kashe mata gishiri ba. Allah ya ƙara sani.

Mai Ƙamus:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙamus na biyu ya fi kusa da gaskiya. Repartee amsa ce kafin ta zama komai. Abubuwa uku ne ke haɗa ta: sai an fara jefo maka magana, sai ka mayar da sauri, sai kuma amsar ta zo da azanci, galibi ta hanyar juya wa mutum tasa maganar. In ɗaya ya faɗi daga cikin ukun nan, wata kalmar ce ta dace, ba wannan ba. Wanda ya zauna shi kaɗai ya tsara magana mai hikima, abin da ya yi "witticism" ne ko "epigram", domin babu wanda ya tanka masa.

Asalin kalmar shi ke nuna haka. Aro ce daga Faransanci, "repartie", kuma ta shiga rubutun Ingilishi a shekarun 1640. Ita "repartie" suna ce da aka ciro daga aikatau "repartir". Ka raba shi biyu: ɗafa-goshi "re-" mai ma'anar sake ko mayarwa, da "partir". A Faransancin yau "partir" tashi ne ko tafiya, amma a tsohon Faransanci ma'anarsa rabawa ce, domin daga Latin "partiri" ya fito, wato raba abu kashi-kashi, shi kuma daga "pars", kashi ko ɓangare. Yadda rabawa ta koma tafiya ba abin mamaki ba ne ga mai jin Hausa, tunda mu ma muna cewa "mun rabu da shi da la'asar" muna nufin kowa ya kama gabansa. Wanda ya raba kansa da wuri ya tafi ke nan. Daga wannan saiwa Ingilishi ya sami "part" da "depart" da "party" da "partition".

To "repartir" sai ya zama sake tashi, sake kama hanya. Daga nan ya ɗauki ma'ana ta biyu, mayar da magana cikin hanzari, kamar dai maganar ta iso wurinka ba ta ko zauna ba ta sake kama hanya ta koma inda ta fito. Faransanci har yanzu yana rarrabe ma'anonin biyu a nahawu: idan sake tafiya ake nufi, aikatau ɗin yana tafiya da mataimaki "être", idan kuwa mayar da amsa ake nufi, da "avoir" yake tafiya. A tsofaffin ƙagaggun labarai na Faransanci za ka yi ta ganin "repartit-il" bayan zance, wato "ya mayar masa da cewa".

Akwai tarko ɗaya a nan. Faransanci yana da wani aikatau dabam, "répartir", mai ɗigon karkace a kan wasalin farko, wanda ke nufin rarraba kaya ko aiki ga mutane. Shi ne ya riƙe tsohuwar ma'anar rabo, kuma jujjuyawarsa ma dabam take: "nous repartons" na sake tafiya ne, "nous répartissons" na rarrabawa. Ingilishi "repartition" daga wannan gidan yake. Haka "repartir" na Sifaniyanci, rarrabawa yake nufi. Wanda ya duba ƙamus cikin gaggawa sai ya ce repartee rabon magana ce tsakanin mutum biyu. Bayanin yana da daɗin ji, amma ba ta wannan ƙofar kalmar ta shigo ba. Abin da ya ƙara cakuɗa lamarin shi ne Faransawa da yawa suna furta "repartie" kamar tana da ɗigon, har gyaran ƙa'idar rubutu na 1990 ya amince a rubuta "répartie".

Lokacin da ta shiga Ingilishi ma yana da bayani. Ƙarni na 17 zamani ne da manyan Ingila ke kwaikwayon fadar Faransa. Matar Sarki Charles na I Bafaranshiya ce, ɗansa Charles na II kuma ya yi wani ɓangare na gudun hijirarsa a Faransa kafin ya dawo kan gadon sarauta a 1660. An rufe gidajen wasan kwaikwayo a 1642, da dawowarsa aka sake buɗewa, kuma irin wasan da ya yi kasuwa a lokacin shi ne na masu hannu da shuni suna jifan juna da magana. John Dryden, mawaƙi kuma marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, a gabatarwar wani wasansa da aka buga a 1671, ya kira repartee ran hira kuma mafi girman adon wasan barkwanci. Wato cikin shekara talatin da shigarta har ta zama kalmar masu nazarin adabi.

Malama Mai Furuci:

Malam Mai Ƙamus ya gama da asali, bari in ɗauki batun "ee" da furuci, domin matsala ɗaya ce mai fuska biyu.

Ɗalibi, "ee" ɗin "employee" da "payee" da "trainee" ɗafa-ƙeya ce ta gaske. Ta samo asali daga Faransancin da lauyoyin Ingila suka yi aiki da shi ɗaruruwan shekaru, kuma tana nuna wanda aikin ya faɗa a kansa: wanda aka ɗauka aiki, wanda aka biya, wanda ake horarwa. Ta "repartee" kuwa ba ɗafa-ƙeya ba ce ko kaɗan. Dabarar rubutu ce kawai. Faransanci ya rubuta "ie" yana furta dogon "ii" a ƙarshe. A farko marubutan Ingilishi sun rubuta "repartie", wasu "reparty". Wannan ta biyun ita ce hanyar da "partie" ta bi ta zama "party", inda nauyin murya ya gudu ya koma gaɓar farko. Amma a kalmarmu nauyin ya tsaya a gaɓar ƙarshe, kuma hanyar da Ingilishi ya saba nuna dogon "ii" mai nauyi a ƙarshen kalma ita ce "ee", kamar a "agree" da "degree". Shi ya sa wannan rubutun ya yi nasara.

Furucin da ya dace da asali shi ne re-pa-TII, ƙarshen kamar ƙarshen "doki", da nauyi a gaɓar ƙarshe. Mutanen Ingila ba sa fito da "r" ta tsakiya, Amurkawa suna fito da ita. Ɗaya furucin, re-par-TEE, mai ƙarshe kamar na "kare", an fi jin sa a Amurka fiye da Ingila. Dalilinsa kuskuren kamance ne. Mai magana ya san kalmar Bafaranshiya ce, ya kuma san "fiancée" da "soirée" da "matinée" duk da sautin "ee" na "kare" suke ƙarewa, sai ya sa ta a layinsu. Waɗancan kuwa "ée" ne mai ɗigo a Faransanci, tamu "ie" ce. Wato ya yi ƙoƙarin Faransantar da ita har ya wuce Faransawa. Duk da haka furucin ya yaɗu har ƙamusoshin Amurka irin Merriam-Webster suna kawo shi a matsayin karɓaɓɓe, don haka ba abin da za a tsayar da mutum a gyara masa ba ne. Abin da ba shi da madafa shi ne rubuta "repartée" da ɗigo. Babu wannan kalmar a Faransanci, babu ita a Ingilishi.

Sai nahawu, inda ɗalibai suka fi tuntuɓe. A Ingilishin yau an fi amfani da ita a matsayin sunan da ba a ƙirgawa, kamar ruwa ko ilimi. Ana cewa "witty repartee", "quick at repartee", "an exchange of repartee". A nan tana nufin ko dai baiwar iya mayar da magana, ko kuma dukkan musayar da aka yi. "A repartee" da jam'inta "repartees" suna nan a tsofaffin littattafai kuma ba kuskure ba ne, sai dai ga kunnen yau suna da ƙamshin tsufa. Idan amsa guda ɗaya tak kake nufi, "retort" ko "riposte" ko "comeback" sun fi zama daram. An taɓa amfani da ita a matsayin aikatau, amma wannan ya kusa mutuwa, kada ka sa shi a jarrabawa.

Wani abu kuma: kalmar ta masu boko ce, ta rubutu da sharhin fim da wasan kwaikwayo. Samari a hirar yau da kullum "comeback" za su ce.

Ɗalibin Nahawu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Batun "ee" ya warware. Amma na ga inda aka ce repartee asalinta kalmar wasan takobi ce, wai saran ramuwa. Malam Mai Ƙamus bai ambaci wannan ba. Gaskiya ne ko kuwa an haɗa ta da wata ce?

Baban Tushe:

Ɗana, wasu ƙamusoshin asalin kalmomi na Ingilishi suna kawo wannan, cewa "repartie" ta ɗauki ma'anar sara ko sukan ramuwa. Ma'anar ta dace da ginin kalmar, tunda takobin ma sake tashi yake yi. Amma kalmar da masu wasan takobi ke amfani da ita har gobe ita ce "riposte". In abokin karawarka ya kawo suka ka kare, sukan da ka mayar nan take kafin ya daidaita tsayuwarsa shi ne riposte. Tarihinta kuwa yana da ban sha'awa, domin da'ira ta yi. A Italiyanci "risposta" amsa ce kawai, irin wadda ake ba mai tambaya, daga Latin "respondere". Faransawa suka ara, "s" ta farko ta faɗi, ta zama kalmar takobi. Ingilishi ya karɓe ta a farkon ƙarni na 18 da ma'anar takobin, sai a ƙarni na 19 aka fara kiran amsa mai kaifi da ita. Ta fita daga baki ta shiga hannu ta sake komawa baki.

Tunda ka tambayi maƙwabtanta, ga su, amma ba duka ne suka cancanci dogon bayani ba.

"Retort" daga Latin "retorquere" take, murɗa abu ya koma baya. 'Yan'uwanta su ne "torque" da "torture" da "distort". Tulun gilashi mai lanƙwasasshen wuya da masu kimiyyar haɗa sinadarai ke tace ruwa da shi ma "retort" ake ce masa, saboda wuyansa ya murɗe ya koma ƙasa. Retort ba dole ta ba da dariya ba, sau da yawa da fushi ake yin ta. "Rejoinder" kuwa daga kotu ta fito. A tsohon tsarin shari'ar Ingila mai ƙara zai shigar da da'awarsa, wanda ake ƙara ya kare kansa, mai ƙara ya ba da amsa, to amsar da wanda ake ƙara zai sake bayarwa a zagaye na huɗu ita ce rejoinder. Shi ya sa har yau take da nauyi irin na takarda.

"Quip" gajeriyar magana ce mai tsini, kuma ba sharaɗi ba ne ta zama amsa. Ta bayyana a shekarun 1530. Masu ƙamus sun fi karkata ga cewa daga Latin "quippe" take, mai nufin "lallai kam", wadda ake faɗa da gatse. Shakespeare ya sa wani wawan sarki a wasansa "As You Like It" ya jero matakai bakwai na rigima tsakanin masu ji da kansu, na farko "Retort Courteous", na biyu "Quip Modest", har zuwa na bakwai inda za ka ce wa mutum ƙarya yake yi ƙiri-ƙiri. Wannan ya nuna cewa kusan shekarar 1600 kalmomin biyu sun riga sun zauna da gindinsu, shekaru arba'in kafin repartee ta iso.

"Witticism" tana cikin 'yan kalmomin da aka san wanda ya ƙera su. Dryden ɗin nan ne dai, a 1677, ya ɗauki "witty" ya ɗora ta a kan ƙirar "criticism", har ya nemi afuwar mai karatu saboda sabuwar kalma ce. Kuma da raini ya yi amfani da ita, yana nufin ƙaramar dabarar da mai suka ke taƙama da ita. Uwarta "wit" ita ce tsohuwar gida. A tsohon Ingilishi hankali da sani take nufi, ba dariya ba. Saiwarta ɗaya da "wissen" na Jamusanci, da "videre" na Latin, gani, da "veda" na Sanskirit, sani. "Witness" ma daga nan take, wanda ya gani ya sani. Sai a ƙarshen ƙarni na 16 ta karkata zuwa kaifin basirar da ke haɗa abubuwa biyu masu nisa da juna har mai sauraro ya yi dariya. Jamusanci ya bi irin wannan hanyar, inda "Witz" a yau labarin ban dariya ne.

"Banter" zolaya ce ta ɓangare biyu wadda ba a son kowa ya ji ciwo. Ta ɓullo a shekarun 1670 a matsayin kalmar 'yan tasha, kuma marubuci Jonathan Swift a 1710 ya sa ta cikin kalmomin da yake ganin suna ɓata harshe, tare da "mob" da "bamboozle". Duk ukun sun rayu sun bar shi. "Badinage" da "persiflage" aron Faransanci ne masu kusan ma'anar banter, ta biyun tana da "siffler" a cikinta, yin fito. Da wuya ka gamu da su in ba a littafi ba. "Bon mot" kalma ce mai kyau a zahirin fassara, kuma jam'inta "bons mots", kowane ɓangare da "s" ɗinsa. "Wisecrack" ta Amurka ce, ta farkon ƙarni na 20.

Mai Ƙamus:

Allah ya gafarta Baba, ƙari ɗaya a kan sharaɗin sauri, domin shi ne ginshiƙin da aka fi mantawa. Faransawa suna da suna ga amsar da ta zo a makare: "l'esprit de l'escalier", basirar matakalar bene. Tushenta wani rubutu ne na marubucin Faransa Denis Diderot da aka buga a 1830, shekaru da yawa bayan rasuwarsa a 1784. Ya ba da labarin wata liyafa a gidan wani babban mutum mai suna Jacques Necker inda aka jefe shi da maganar da ta rufe masa baki, ya ce mutum irinsa kansa kan ɗaure, ba ya dawowa hayyacinsa sai ya sauko ƙasan matakala. A manyan gidajen Faris na lokacin ɗakin baƙi a sama yake, don haka wanda ya kai ƙasan matakala ya riga ya bar taron. Jamusawa suka fassara ta "Treppenwitz". Kalmomin amsar ba su canza ba, azancinta bai ragu ba, amma da yake mintuna biyar sun wuce, ta tashi daga repartee.

Hajiya Tafinta:

Ɗalibi, saura fassara. Kada ka nemi kalma ɗaya ta Hausa da za ka riƙa liƙawa duk inda ka ga repartee. Duba wace fuska jimlar ta nuna.

Idan baiwar mutum ake yabawa, kamar "she is good at repartee", ka ce "ta iya mayar da magana" ko "amsa a bakinta take". Idan musayar ake nufi, kamar mai sharhin fim yana yabon hirar taurari biyu, "musayar magana cikin raha" ko "jifan juna da magana mai azanci" sun yi. Idan amsa ɗaya ce, "martani mai kaifi" ko "raddi na nan take".

Kalmomin da ke jan mai fassara zuwa rami su ne na kusa da ita. "Barkwanci" ya yi faɗi, ya haɗa da labarin ban dariya da mutum ɗaya ke bayarwa, ba ya nuna cewa amsa ce. "Cacar baki" da "musayar yawu" rigima ce, sun zubar da dariyar. "Baƙar magana" ta fi kusa da retort mai zafi. "Habaici" da "gugar zana" da "shaguɓe" duk a kaikaice suke tafiya, ana faɗa ba tare da an kama suna ba, ita kuwa repartee ido da ido ake yin ta, kowa a wurin ya san wa aka nufa. "Gatse" ya fi dacewa da "sarcasm", kalmar da ta fito daga aikatau na Girkanci mai nufin yagar nama. "Zolaya" da "tsokana" na banter ne.

Aikin da ya fi wuya shi ne fassara ita kanta amsar idan ta zo a cikin labari. Abu na farko, nemo kalmar da amsar ta rataya a kanta, domin kusan kullum mai ramuwa wani abu yake ɗauka daga bakin abokin karawarsa. Ga wani tsohon misali da ake jingina wa mutane dabam-dabam. Mutum biyu sun haɗu a siririyar hanya, ɗaya ya ce "Ni ba na ba wa wawa hanya." Ɗayan ya matsa gefe ya ce "Ni kuwa ina ba shi." Marataya a nan ita ce aikatau "ba". Dole ka yi amfani da aikatau ɗaya a jimlolin biyu. In ka fassara ta farko da "ba da hanya" ta biyu da "kaucewa" don gudun maimaici, ka yanke igiyar, mai karatu ba zai ji juyin ba.

Na biyu, amsar ta fi tsokanar gajarta, ko aƙalla kada ta fi ta tsawo. A misalin nan kalma bakwai aka jefa, biyar aka mayar. Masu fassara kan ƙara "ai", "domin kuwa", "ka ga ke nan kai ne wawan". Wannan jelar ta ƙarshe ita ce mai kisa, saboda daɗin abin yana cikin daƙiƙar da mai sauraro ya gano da kansa. Na uku, tsinin ya zo a ƙarshen jimla, kada wani abu ya biyo bayansa, har da "in ji shi". Sa "ya ce" a gaba.

Akwai wata da ake yawan jingina wa Nancy Astor da Winston Churchill, 'yan siyasar Birtaniya. Ta ce "Da kai mijina ne, da na zuba maka guba a shayi." Ya ce "Da ke matata ce, da na shanye." Hausa ta ɗauke ta ba wahala, domin ginin "da... da..." yana maimaita kansa a ɓangarorin biyu, kuma "shanye" ta fi "sha" tsini. Amma in za ka rubuta, ka ce "ana jingina wa", domin an buga wannan barkwancin a jaridu tun wajajen 1900 ba da sunansu ba.

Inda abin ke gagara shi ne amsar da ta dogara da kalma mai ma'ana biyu a Ingilishi kaɗai, irin "lie" da ke nufin ƙarya da kuma kwanciya. A nan zaɓi biyu ne. Ko ka nemi kalmar Hausa mai harshen damo ka sake gina tsokanar da amsar gaba ɗaya a kanta, irin "kai" ko "gari" ko "fari", ko ka fassara ma'ana ka haƙura da dariyar. In ka zaɓi na farko ka tuna cewa yawancin irin waɗannan tagwaye karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su a baki, a rubutu ne kawai suke kama ɗaya. Wasan da ya yi aiki a takarda yana iya faɗuwa idan aka karanta shi a rediyo, don haka ka furta da ƙarfi kafin ka miƙa.

Ɗalibin Nahawu:

Hajiya na gode. To labarin mutanen Sparta ta tsohuwar Girka fa? An ce Sarki Filibus na II na Makidoniya ya aika musu cewa idan ya shiga ƙasarsu zai kore su, suka mayar masa da kalma ɗaya, "Idan." Wannan repartee ce?

Baban Tushe:

Plutarch, marubucin tsohuwar Girka, shi ya kawo labarin, kuma sharuɗɗa biyu sun cika: amsa ce, kuma da kalmarsa suka buge shi. Na ukun ne babu, tunda a rubuce aka aika, manzo ya yi tafiya ya dawo, sun sami lokacin shawara. Marubucin Ingilishi mai kula zai ce "retort" ko "riposte". Sifar da za ta raka ta kuwa "laconic" ce, mai taƙaita magana, daga Lakoniya, sunan yankin da Sparta take.